Ranar da Aka Ga Mma a Kanti

Ina cin abincin rana a bakin tagar ofishinmu da ke unguwar Southwest a birnin Washington bidiyon ya shigo wayata. 'Yar ƙanwar Mma ce ta turo daga Kumasi, ba sallama, ba gaisuwa, sai alamar tambaya.

Na danna. Kantin Anti Constance ne na garin Manassas, inda duk 'yan Ghana na yankinmu ke sayen doya da manja. Na gane layin buhunan shinkafa, na gane firjin kifin nan da murfinsa ba ya rufuwa sai an dafa shi. A tsakiyar layin ga Mma, mahaifiyata, a tsaye. Leshi shuɗi, ɗauri ya kusa taɓo fitila, sarƙoƙin zinare, jan baki. Ta juya a hankali, ta ware hannuwa, ta yi murmushi ta ce, "Ku zo ku ga kaya, 'yan'uwa." A bayan kafaɗarta, manne a bango, ga sanarwar addu'ar arba'in ɗin Baba, da hotonsa cikin farar hula.

Mma kuwa tun ranar da aka kai Baba makwancinsa ba ta taka ko matakalar ƙofar gida ba. Takaba take yi. Ta ajiye aikinta na gidan kula da tsofaffi, ta rufe ɗakin da take sayar da leshi da atamfa, ta cire har ɗan zoben azurfar da ya yi shekaru a yatsarta. Ko wasiƙa ta faɗo akwatin ƙofa sai ta jira na dawo na ɗauko. Zane biyu take juyawa, duk sun koɗe.

Na san inda hoton ya fito. Bara, kafin Baba ya kwanta ciwo, yayana Wahab ya buɗe ɗan kamfani na yi wa 'yan kasuwa talla da wata fasaha da suke ce wa AR. Ka saita kyamarar waya a kan fosta, sai mutum ya bayyana a fuskar wayar tsaye a wurin da kake, kamar tare kuke. Ya roƙi Mma ta zama ta gwaji. Baba da kansa ya tuƙa su zuwa wani ɗakin ɗaukar hoto mai kyamarori zagaye da bango, ya zauna a waje yana tsokanarta wai ta zama 'yar fim da tsufa. Daga nan ciwo ya zo, kowa ya manta da zancen. Kowa ban da Wahab.

Ban gama haɗiye lomar da ke bakina ba saƙon murya ya shigo daga Gwaggo Naila, yayar Baba, wadda ke zaune a garin Sterling.

"Na'ima, na ga abin da uwarki ta yi. Ei! Ƙanena ko gama sanyi bai yi ba a ƙasa, ita tana can tana juyi a gaban hotonsa. Da kunya ma ta matsa gefe! Na kira ƙaninmu Ameen a Kumasi, ya ce wannan takaba ta karye, ta sake daga farko. Ni kuma ki gaya mata kada ta jira ni. Ba ni ba kawo mata zane. Ta nemi wanda zai fitar da ita."

A danginmu 'yar'uwar miji ce ke zuwa ranar fita takaba da sabon zane, ta ɗaura wa matar, ta kama hannunta ta fito da ita gaban mata. Idan ba ta zo ba, ba sai an ce komai ba. Kowa ya san hukuncin da dangin miji suka yanke.

Na rufe kwanon abincin, na ce wa shugabata ba ni da lafiya. Na ɗauki jakata na nufi wurin Wahab.

Wahab yana haya a wani dogon ɗaki da ƙananan kamfanoni ke raba tebura, kusa da filin jirgi. Na same shi a tsaye yana nuna wa wasu mutum biyu yadda kujera ke bayyana a kan kafet ta cikin waya. Da ya gan ni ya ɗaga hannu yana dariya.

"Madam ofis! Kin ga abin? Tun safe waya ba ta huta ba."

Na jira baƙin suka matsa. Ba na iya magana a gaban mutane, ya sani, shi ya sa bai yi saurin sallamarsu ba.

"Bra," na ce, yadda muke kiran yaya a gidanmu, "yaushe ka manna fostar nan?"

"Asabar. Kantuna huɗu. Na Constance ne ya fi ja."

"Ka tambayi Mma?"

"Ai ta yarda tun bara."

"Bara Baba na da rai."

Ya sosa ƙeya. "Na'ima, relax. Kayanta nake tallatawa. In ta fito takaba ta tarar da layin masu saye, wa zai ce ban kyauta ba?"

Na kunna masa saƙon Gwaggo. Ya saurara yana taɓe baki, da aka zo wurin juyi a gaban hoto sai dariya ta kuɓuce masa. Dariya.

"Wallahi mutanen nan! To ai hakan na nufin abin ya yi kyau kenan. Har Gwaggo ta ɗauka gaske ne. Kin san watannin da na yi ina gyara inuwar ƙafarta ta zauna daidai a ƙasa?"

"Ka kashe shi."

"Ba yau ba. Gobe ina da baje koli a Washington, shi zan nuna. Bayan gobe sai mu zauna mu yi musu bayani."

"Kafin bayan gobe duk zangon Kumasi sun gani."

"Ba zan tsayar da aikina saboda tsofaffin da ba su san bambancin hoto da mutum ba."

Na tsaya ina kallonsa. Rigar Baba ce a jikinsa, mai ruwan toka, wadda Mma ta ba shi ranar sadakar uku. Ya naɗe hannun har gwiwa. Akwai maganganu da yawa a bakina, amma na san in na buɗe shi kuka zai riga su fitowa, shi kuma ya ce ai ga shi nan, na fara. Na juya na fita.

A kantin Anti Constance fostar na nan manne kusa da sanarwar Baba, tazararsu ba ta kai tafin hannu ba. Wata mata da goyo tana tsaye ta saita waya tana ƙyalƙyala dariya, tana kiran ƙawarta ta zo ta gani. Na ratsa tsakaninsu na ɓanɓare fostar.

"Kai! Wannan yarinyar fa?" in ji matar.

Anti Constance ta leƙo daga bayan kanta. "Na'ima, lafiya? Wahab ne ya ce in bar ta a nan. Ya ce Hajiya ta sani."

"Ba ta sani ba, Anti."

Ta dubi sanarwar Baba, ta dubi gurbin fostar, ta rufe baki da hannu. "Yesu. Ni ban ma haɗa su a raina ba. Wurin ne kawai ya rage a bangon."

Na naɗe fostar na sa a jaka.

Na yi niyyar ɓoye wa Mma, amma ina shiga falo na ga wayarta a kife a kan tabarma, nesa da ita, kamar abin da ya ƙone ta. Tana zaune ta miƙe ƙafa, carbi a cinya. Ba ta ja.

"Sannu da gida, Mma."

"Kin dawo da wuri." Ta dubi wayar. "Sun ce na fita."

"Na gani."

"Jiya ruwa ya jiƙa takalman da ke bakin ƙofa, ina kallonsu ta taga. Ban buɗe na ɗauke ba." Ta gyara mayafinta. "Ameen ya ce in sake. In sakewar ce za ta kwantar musu da hankali, sai in sake."

"Ba za ki sake komai ba."

"Na'ima."

"Me kika yi da za ki sake?"

"Kada ki je ki ɗaga wa gwaggonki murya. Ƙaninta ne ya mutu. Ita ta goya shi."

Abin da ya fi ƙona ni kenan. An zage ta daga nan har Kumasi, ita kuma tana zaune tana nema wa masu zaginta uzuri. Ko sunan Wahab ba ta kawo ba. Na ce mata zan je sayen madara. Ta dube ni, ta san ba madara ba ce, ba ta hana ni ba.

Gidan Gwaggo yana hawa na biyu, jirage na bi ta kansa har kofuna su yi ƙara a kabad. Na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa na gaishe ta kamar yadda aka koya mini. Ta amsa a taƙaice, idonta a kan talabijin.

"In aiko ki ta yi, ki koma."

"Ba ta aiko ni ba, Gwaggo. Abu na kawo ki gani."

"Na ga abin da zan gani."

Na fito da fostar, na shimfiɗa ta a kan kafet, na danne gefunan da kofi da rimot. Na buɗe manhajar Wahab, na saita, na miƙa mata wayar.

Mma ta tashi tsaye a tsakiyar falon Gwaggo, tsakanin teburin shayi da fanka. Ta juya, ta ware hannuwa. "Ku zo ku ga kaya, 'yan'uwa."

Gwaggo ta yi baya har kujera ta yi ƙara. "A'uzu billahi!" Ta leƙa bayan wayar. Kafet kawai da fosta. Ta dawo da ido kan wayar. Mma na nan tana murmushi, inuwar ƙafarta kwance a kan furen kafet ɗin.

"Bariatu?" ta kira sunan Mma a hankali.

"Ba ta ji, Gwaggo. Hoto ne. An ɗauka bara, Baba ne ma ya kai ta. Duk inda aka ajiye takardar nan, nan za ta tsaya. An manna ta a kanti, sai ta tsaya a kanti."

"Riƙe mini."

Na karɓi wayar. Ta miƙe da ƙyar saboda gwiwa, ta taka zuwa tsakiyar falon tana laluben iska. A fuskar wayar hannunta ya shige cikin leshin ya fito ta ɗaya gefen. Na ɗauki hoton hakan na nuna mata. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan leshin," ta ce, "shi ta sa a sunan jikar Dabo. Tun lokacin na ce shuɗin ya yi mata duhu." Ta zauna. Sai fuskarta ta sake wani irin ɗaurewa, ba irin na ɗazu ba. "Tsaya. Kin ce duk inda aka ajiye takardar?"

"Eh."

"Wato in wani ƙato ya ɓanɓare ta ya kai ɗakinsa, matar ƙanena za ta tsaya masa a gaban gado tana juyi?"

Ni kaina ban yi tunanin wannan ba. "Eh, Gwaggo."

"Wane ɗan banzan ne ya yi wannan aiki?"

"Bra Wahab."

"Kira mini shi. Buɗe muryar."

Ya ɗauka a bugu na biyu. "Na'ima, na gaya miki bayan gobe—"

"Abdul Wahabu."

Muryarsa ta sauko ƙasa. "Gwaggo, ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarka. Ga uwarka nan tsaye a falona da jan baki. Kai ka aiko ta?"

"Gwaggo, fasaha ce kawai, bari in yi miki bayani. Ba ita ba ce, hoto ne mai—"

"Na sa hannu a cikinta, na san ba ita ba ce. Ni za ka koya wa? Tambayarka nake, kai ka raba wa mazan garin nan uwarka tana cikin takaba?"

"Ba haka ba ne. Talla ce. Gobe akwai manyan mutane da za su—"

"To ka nuna musu kanka. Ka ɗaura leshin ka yi musu juyin, ai kana da ƙugu. Ina kallon wayar nan. In na ƙifta ido na buɗe Bariatu na nan tsaye, gobe ni ma zan zo wajen manyan mutanen naka da sandata, in tsaya kusa da kai in yi musu nawa bayanin."

"Gwaggo, please."

"Ba na jin Turanci yau."

Muka ji yana danne-danne. Jirgi ya wuce, kofuna suka amsa. Na sake saita wayar a kan fostar. Mma ta fara juyi, ta kai rabi, sai ta ɓace. Kafet, fanka, teburin shayi.

"Sauran takardun kuma ka je ka kwaso su da hannunka kafin magariba," in ji Gwaggo, ta yi mini alama in kashe wayar.

Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta sa na nemo mata lambar Baba Ameen, ƙaninsu na Kumasi. Ta yi masa dogon saƙo, ta haɗa da hoton hannunta cikin leshin. Ta ce aikin yaran zamani ne, Bariatu ba ta fita ba, maganar sake takaba a bar ta, wanda ya tura bidiyon can ya tura wannan ma. Ta faɗi duk wannan da muryar mai ba da umarni, kamar ba daga bakinta maganar juyi a gaban hoto ta fara fitowa ba. Ko sau ɗaya ba ta ce ta yi kuskure ba.

Ta ajiye wayar ta sauke numfashi. "To, shi ke nan. Ki ce wa uwarki zan zo ranar. Akwai wata atamfa da na gani, mai ganye-ganye. Tashi ki zuba shinkafa da wake a tukunya, da yajin shito a firji."

Ban tashi ba.

"Ba ki ji ba?"

Idona na kan kafet. Tunda nake ban taɓa mayar wa Gwaggo magana ba. Ko a waya, in ta kira, Wahab nake miƙa wa.

"Gwaggo, ba shi ke nan ba."

"Me kika ce?"

"Kin sa Bra Wahab ya gyara nasa. Kin gaya wa Baba Ameen. Ita fa?" Na ɗago kai na dube ta. "Kin san Mma tun kafin a haife ni. Ita ta yi jinyar Baba, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, kina zuwa kina gani. Bidiyo ɗaya ya zo, ko kiranta ba ki yi ba ki ce Bariatu, gaskiya ne? Kumasi kika fara kira. Yanzu tana can zaune a tabarma tana cewa za ta sake takaba don hankalinku ya kwanta. Kuma ni za ki aika in ce mata akwai atamfa mai ganye-ganye?"

"Na'ima, ni kike gaya wa haka?"

"Ba zan kai saƙon ba. Ke kika ɓata, ke za ki faɗa mata."

Na ji hawaye na sauka a haɓata. Ban share ba. Na jira mari, ko kora, ko a kira Kumasi a ce 'yar Bariatu ma ta lalace. Gwaggo ta daɗe tana kallona. Fanka na juyawa, gefen fostar na ɗagawa yana komawa.

"Ta ce za ta sake?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Haka ta ce."

"Ita ta faɗa da bakinta?"

"Eh."

Ta kawar da kai wajen taga. Ta ja hanci sau ɗaya, da ƙarfi, kamar mai jin haushin hancin.

"Wannan bakin naki ba na gidanmu ba ne," ta ce. "Miƙo mini sandata. Da mayafin can na kan ƙofa."

A mota ba ta yi mini magana ba, sai dai ta ce ina gudu, can kuma ta ce ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Wahab ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Ya turo rubutu wai na ɓata masa aikin shekara guda. Na kife wayar a cinya. Ban huce da shi ba, ban kuma huce da wadda ke zaune kusa da ni tana gyara bel ba.

Da muka isa gidanmu a Manassas rana ta yi sanyi. Gwaggo ta hau matakalar ɗaya bayan ɗaya, tana dafa ƙarfe. Na buɗe ƙofa. Mma ta ɗago, ta ga wadda ke bayana, ta yunƙura za ta tashi ta durƙusa.

"Zauna," in ji Gwaggo. "Zauna, Bariatu."

Ga kujera nan a gefenta, ba ta kalle ta ba. Ta jingine sandar a bango, ta dafa kafaɗata da nauyinta duka, ta sauka a hankali har ƙasa, gwiwoyinta na ƙara, ta zauna a bakin tabarmar Mma. Ta kamo hannun da ba zobe ta riƙe.

Ta buɗe baki, ta rufe. Sai ta juyo ta harare ni.

"Ke kuma tsayuwar me kike? Sai kin ji da kunnenki?"

"Eh, Gwaggo," na ce. Na jingina da ƙofar, na tsaya.